Ciwon Sukari a Ƙasar Hausa: Tazarar da Ke Tsakanin Magani da Majiyyaci

A watan Janairun 1922, a babban asibitin birnin Toronto na ƙasar Kanada, aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson allurar wani ruwa da aka tato daga cikin dabba. Ciwon sukari ya riga ya tsotse shi, sai fata da ƙashi, kuma a wancan zamani yaron da irin wannan ciwo ya kama da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Allurar farko ba ta yi wani abin kirki ba. Da aka ƙara tace ruwan aka sake yi masa bayan kwana 12, sai sukarin jininsa ya sauka, ya miƙe, ya ƙara shekara 13 a duniya. Ruwan nan shi ne insulin, wanda Frederick Banting da Charles Best suka gano a 1921. A 1923 Banting da Best da abokin aikinsu James Collip suka sayar wa Jami'ar Toronto haƙƙin mallakar maganin a kan dala ɗaiɗai, don kada tsada ta hana mai bukata samunsa.

Yau an haura shekara ɗari da wannan rana, amma har gobe ana kai yaro asibiti a Kano ko Katsina ko Maraɗi ranga-ranga, yana numfashi sama-sama, bayan an kwashe mako guda ana ɗirka masa maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, babu wanda ya yi tunanin tsaga masa yatsa a auna sukari. Ilimin da zai ceci wannan yaro ya girmi kakansa. Abin da ya rasa shi ne hanyar da za ta kai ilimin ƙofar gidansu, ta kuma riƙe shi a kan magani har ƙarshen rayuwa. Wannan ita ce matsayar wannan rahoto: a ƙasar Hausa jinkirin ganowa da katsewar magani ne suka fi kashe masu ciwon sukari, kuma maganin waɗannan biyu yana ƙaramin asibitin unguwa da na ƙauye, muddin an gina aikinsa a kan binciken da aka yi a jikinmu, da abincinmu, da zafin ranarmu.

Ciwon da ba ya sallama

Duk abin da aka ci na hatsi ko rogo ko zaƙi, jiki yana mayar da shi sukari ya zuba cikin jini. Insulin, wanda wata halitta da ke kwance bayan tumbi take samarwa, shi ne mabuɗin da ke shigar da wannan sukari cikin tsoka da sauran sassan jiki don a yi aiki da shi. A nau'i na 1, wanda ya fi kama yara da matasa, jiki yana daina samar da insulin baki ɗaya, saboda haka in babu allura babu rai. A nau'i na 2, wanda shi ne na mutum tara cikin goma, insulin ɗin yana nan amma jiki ya daina sauraronsa, daga baya kuma yawansa ya riƙa raguwa. Idan mutum ya kwana bai ci komai ba aka auna aka samu 7.0, ko 126 a ɗaya ma'aunin, ko sama da haka, aka kuma maimaita aka samu haka nan, ciwon ya tabbata. Tsofaffi sun san alamominsa tun kafin zuwan na'ura: ƙishirwar da ba ta yankewa, tashi fitsari sau biyar ko shida cikin dare, rama alhali ana ci, da kiyashi da ke taruwa a inda aka yi fitsari. Sai dai nau'i na 2 yakan shekara biyar ko goma yana ɓarna a ido da ƙoda da jijiyoyi kafin ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi ta fito fili.

A ƙiyasin da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya, IDF, ta fitar a 2021, manya miliyan 537 ne ke ɗauke da ciwon a duniya, miliyan 24 daga ciki a yankin Afirka kudu da Sahara, kuma ana hasashen su kai miliyan 55 nan da 2045. Fiye da rabinsu, kashi 54 cikin 100, ba su san suna da shi ba, kuma babu wani yankin duniya da ya kai wannan. A Najeriya, binciken ƙasa na 1992 ya samu kashi 2.2. A 2018 Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar suka samu kashi 5.77, wato mutum ɗaya cikin 17, kimanin mutum miliyan 11. IDF kuwa miliyan 3.6 ta ce. Wannan tazara tsakanin miliyan 3.6 da miliyan 11 ita kanta shaida ce: ƙasar da ba ta san ko marasa lafiyarta miliyan huɗu ne ko sha ɗaya ba, ba za ta san yawan maganin da za ta tanada ba.

Wani zai ce ai binciken Uloko ya nuna arewa maso yamma ce ke da mafi ƙarancin ciwon, kashi 3.0, yayin da kudu maso kudu ke da 9.8, to mene ne abin tayar da hankali? Kashi uku na yankin da ya fi kowane yanki yawan jama'a ba ƙaramin adadi ba ne. Bayan haka, abubuwan da suka riƙe adadin a ƙasa suna zamewa a idonmu. Manomin da yake tafiyar ƙafa zuwa gona, ɗansa yana wuni a kan babur ko a zaune a shago. Tuwon dawa da na gero da ake surfawa a turmi sun ba farar shinkafa da taliya da burodi wuri. Shayin safe sai an cika masa sukari cokali uku ko huɗu, biki da suna da walima kuwa ba sa cika sai da lemon kwalba. Idan kiɗa ya canza haka, adadin 2018 ba zai tsaya inda aka bar shi ba.

Daga faso zuwa ɗakin tiyata

Wanda yake son ganin abin da jinkiri ke haifarwa, ya dubi ƙafa. Sukarin da ya daɗe a sama yana kashe jijiyoyin da ke sa a ji zafi, yana kuma toshe ƙananan hanyoyin jini. Sai hunturu ya zo, diddige ya yi kaushi ya tsage da faso. Ko mutum ya taka ƙaya ko ƙusa da silifa bai ji ba, ko ya miƙa ƙafa kusa da garwashi don jin ɗumi ta ƙone bai sani ba. Tunda babu zafi, babu gaggawa. Bayan mako biyu wurin ya kumbura ya fara ruwa, sai a ce ɗan karkare ne, ko a ce sammu ya taka. A je wurin wanzami ya tsaga, a barbaɗa garin magani, a ɗaure da tsumma. A je kemis a sayo kafso na kwana uku, iya abin da kuɗi ya kai. Ranar da yatsa ya yi baƙi, wari ya cika ɗaki, ranar ake neman mota zuwa babban asibiti, kuma sau da yawa a ranar ne mutum yake fara jin cewa yana da ciwon sukari.

Wani bincike mai suna MEDFUN ya bi majiyyata 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa na ciwon sukari a manyan asibitoci shida na Najeriya tsakanin 2016 da 2017. An yanke wa kashi 35.4 cikin 100 yatsa ko ƙafa, kashi 20.5 kuma ba su fita asibitin da rai ba. Mutum ɗaya cikin biyar kenan, saboda raunin ƙafa irin wanda kan fara daga tsagar diddige. Abin da zai hana wannan bai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba: ma'aikacin lafiya ya sa majiyyaci ya cire takalmi a duk zuwa, ya taɓa tafin ƙafar da ɗan siririn zaren roba da aka yi don gwada ji, ya koya masa shafa mai a diddige da sa takalmi mai rufi. Musulmi yana wanke ƙafarsa sau da yawa kowace rana wajen alwala. Da za a koya wa kowane mai ciwon sukari ya mayar da wannan lokaci na duba tsakanin yatsu da ƙarƙashin ƙafa, ya kuma tsane su sarai, da an samu tsarin sa ido da babu ƙasar Turai da ke da irinsa, kuma kyauta.

Manyan binciken duniya sun daɗe da nuna cewa waɗannan masifu ba dole ba ne. A 1993 wani bincike a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441 masu nau'i na 1 ya nuna cewa riƙe sukari kusa da daidai ya rage haɗarin lalacewar ido da kashi 76. A 1998 wani a Birtaniya, wanda ya bi mutum fiye da 5,000 masu nau'i na 2 tsawon shekaru, ya tabbatar da haka, ya ƙara da cewa saukar da hawan jini yana da matuƙar muhimmanci wajen kare su daga shanyewar ɓarin jiki da mutuwa. A 2002 kuma aka nuna a Amurka cewa masu dab da kamuwa, idan suka rage nauyi kaɗan suka riƙa tafiyar minti 150 a mako, haɗarinsu yana raguwa da kashi 58. Duk waɗannan sakamako sharaɗinsu ɗaya: ci gaba ba yankewa. Ciwon sukari ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani na kwana uku a warke.

Kuɗin da ke yanke magani

A nan ne tsarin lafiyarmu ya fi rauni, domin an gina shi ne don cutar da ke zuwa ta wuce. Fiye da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majiyyaci yake fitowa kai tsaye. Kamfanoni uku, Novo Nordisk da Eli Lilly da Sanofi, su ke riƙe da fiye da kashi 90 na kasuwar insulin ta duniya, kuma da dala ake shigo da shi, haka ma tsinken da ake ɗiga jini a kai don awo. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake samu a kan naira 460 da wani abu a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, farashin magani kuwa ya bi ta. Magidancin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ko manomin da ba ya ganin kuɗi sai kaka, idan ya tsaya tsakanin kwanon masara da kwalbar insulin, an san wanda zai ɗauka. Daga nan ake fara dabarun da ke kisa: rage yawan allura don kwalba ta kai ƙarshen wata, shan ƙwaya kwana ɗaya a tsallake ɗaya, daina magani da zarar an ji sauƙi. Likita yakan rubuta a kati cewa majiyyaci ba ya bin ƙa'ida, alhali aljihunsa ne ya kasa bin ta.

Dokokin da za su rage wannan nauyi suna nan a rubuce. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Tun 2022 ake karɓar harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai zaƙi, kodayake hauhawar farashi ta mayar da shi abin dariya idan aka gwada da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa irin wannan haraji ya ɗaga farashi da kashi 20. Hujjar karɓar harajin ita ce lafiya, saboda haka adalci shi ne a ga kuɗin a kan kantar ƙaramin asibiti a matsayin ƙwayar maganin sukari ta metfomin da insulin da tsinken awo. A 2022 ƙasashen duniya, har da Najeriya da Nijar, suka amince cewa nan da 2030 a gano kashi 80 na masu ciwon, kuma kowane mai nau'i na 1 ya samu insulin da abin awo a farashin da zai iya. Ba za a kai ga wannan daga asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri kaɗai ba.

Za a ce ƙwararrun likitocin wannan fanni ƙalilan ne, wasu ma suna ta ficewa waje, to wa zai duba majiyyaci a ƙauye? Amsar tana cikin abin da aka riga aka yi da cutar ƙanjamau. An ɗauki ciwo na har abada, mai magani mai wuyar sha'ani, aka rubuta matakansa a takarda ɗaya, aka horar da ma'aikatan jinya da malaman asibiti, aka buɗe rajista, aka sa mai bin sawun wanda bai dawo ba, aka tabbatar magani bai yanke ba. Wani gwaji da aka yi a Tanzaniya da Yuganda, wanda aka buga sakamakonsa a 2023, ya haɗa masu ƙanjamau da masu ciwon sukari da masu hawan jini a layi ɗaya, mafi yawansu suka ɗore a kan magani, kulawar masu ƙanjamau kuma ba ta ragu ba. A gida ma, tun 2020 aka fara shirin kula da hawan jini a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun da irin wannan salo. A 2022 ministocin lafiya na Afirka suka amince a birnin Lome da tsarin PEN-Plus, wanda ke kai kula da nau'i na 1 da sikila da wasu cututtukan zuciya zuwa asibitocin gundumomi. Ƙwararre yana da aikinsa: ya tsara matakan, ya horar, ya karɓi masu wuya. Amma auna sukari da hawan jini, duba ƙafa da sabunta magani duk wata, aikin asibitin da ake zuwa da ƙafa ne.

Zanen aro ba ya rufe katara

Wasu na ganin bincike ƙawa ce ga ƙasar da ba ta gama sayen panadol ba: tunda Turawa sun yi, mu kwafa kawai. Tarihin ciwon sukari a Afirka ya ƙaryata wannan. Tun a 1968 Babatunde Kwaku Adadevoh ya ba da rahoton wasu manya 'yan Najeriya da ke zuwa asibiti cikin mawuyacin hali kamar masu nau'i na 1, a ɗora su kan insulin, bayan 'yan watanni kuma su daina bukatarsa. Sai da aka ga irin wannan a tsakanin baƙaƙen fata na unguwar Flatbush a birnin New York a shekarun 1990 sannan duniya ta ba shi muhimmanci. Likitan da bai san da wannan nau'i ba zai bar talaka yana sayen allurar da ba ya bukata, har ta iya jefa shi cikin faɗuwar sukari. A 2025 wani bincike a kan yara da matasa kusan 900 a Kamaru da Yuganda da Afirka ta Kudu, waɗanda aka ce nau'i na 1 gare su, ya gano cewa kimanin kashi 65 ba su da alamar da littattafai suka ce ita ce tushen ciwon, wato shaidar cewa garkuwar jiki ce ta juyo ta kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin. Haka kuma aikin da Charles Rotimi ya jagoranta a Najeriya da Gana da Kenya ya gano a 2019 wata ƙwayar gado mai suna ZRANB3 da ke da alaƙa da ciwon, wadda binciken da aka yi ta yi a kan Turawa bai taɓa nunawa ba.

Ko ma'aunin da ake taƙama da shi, HbA1c, yana bukatar a tantance shi a jininmu. Yana auna sukarin da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini cikin kusan wata uku, kuma 6.5 ko sama da haka na nufin ciwon sukari. To amma duk abin da ya gajarta rayuwar waɗannan ƙwayoyi yana sa sakamakon ya fito ƙasa da gaskiya. Kusan ɗan Najeriya ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin gadon sikila, ƙarancin sinadarin G6PD ya yawaita a tsakanin mazanmu, ga zazzaɓin cizon sauro da ke farfasa jini kowace damina. Ana iya sallamar mutum a ce lafiyarsa lau alhali ciwon yana cinsa.

Akwai kuma binciken da ke sauƙaƙa rayuwa kai tsaye. Takardar insulin ta ce a ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 da 8, kuma saboda wannan an sha hana mutanen da ba su da lantarki tafiya da shi gida. A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva suka gwada yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda zafi ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, suka ga kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu. A Sakkwato da Damagaram zafin bazara yana haura 40, saboda haka har yanzu ana bukatar sanyaya shi, kuma dabarar tana tsakar gida. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa ya tafi da zafin, kuma ta fi aiki lokacin da iska ta bushe, wato daidai lokacin da aka fi bukatarta. Don tumatir da yalo ya yi ta, amma an gwada irin waɗannan tukwane don insulin a Sudan da wasu ƙasashe masu zafi an ga suna rage zafi sosai.

Azumi ma haka. Wani bincike a kan Musulmi a ƙasashe 13 da aka buga a 2004 ya nuna kashi 79 na masu nau'i na 2 da kashi 43 na masu nau'i na 1 suna azumtar aƙalla kwana 15 na Ramadan, kuma mummunar faɗuwar sukari tana ninkuwa a watan. Daga nan likitoci da malaman fiƙihu suka zauna tare, aka kasa majiyyata gida-gida gwargwadon haɗari, aka bayyana cewa tsaga yatsa don awo ba ya karya azumi, kuma wanda sukarinsa ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.6 ya sha ruwa nan take. Shari'a ta riga ta yi wa mara lafiya rangwame. Abin da ya rage shi ne a ji wannan daga bakin limamin unguwa tun watan Sha'aban, a kuma auna abin da kunun tsamiya da ƙosai da dabino da fura ke yi wa sukarin mai azumin awa 13 ko 14 a zafinmu, domin teburin abincin da aka rubuta don wata ƙasa bai san su ba.

Yunwa da saiwa

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na masu cewa yankin da yara ke mutuwa da tamowa bai kamata ya karkatar da kuɗi ga ciwon masu ƙiba ba. Amma yunwa da ciwon sukari ba kishiyoyi ba ne, uwa da ɗa ne. Binciken da aka buga a 2010 a kan 'yan kasuwa a Inugu ya nuna waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin Biyafara sun fi waɗanda aka haifa bayanta hawan jini da matsalar sukari da suka kai shekara 40. A watan Afrilun 2025, a taronta na Bankok, IDF ta amince da nau'i na 5, ciwon sukarin ramammun matasa da suka tashi cikin rashin abinci, wanda aka fara bayyanawa a Jamaika a 1955, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a lissafi a 1985 ta kuma cire shi a 1999 saboda ƙarancin bincike. Yaran da suka tsira daga yunwar 2005 a Maraɗi da Damagaram yanzu sun haura shekara 20, waɗanda ake ba abincin tamowa yau a Katsina da Zamfara kuwa su ne majiyyatan gobe. Ga shi ciwon sukari yana ninka haɗarin tarin fuka sau biyu zuwa uku, sukarin goyon ciki kuma yana sa jariri ya yi girman da haihuwa za ta gagara. Wanda ke yaƙi da tarin fuka da mutuwar mata wajen haihuwa ba zai iya kauce wa na'urar awon sukari ba.

Sai masu cewa da zogale da shuwaka da garafuni iyayenmu suka rayu. Ba a raina tsiro, domin metfomin kansa, maganin farko da ake ba mai nau'i na 2 a duk duniya, asalinsa daga wani tsiron Turai ne, kafin likita Jean Sterne ya gwada shi a kan mutane a Faransa a 1957. Bambancin shi ne an auna shi, an san adadin da ke aiki da wanda ke cutar da mai ciwon ƙoda. Jami'o'inmu su bi tsirranmu ta wannan hanya. Kafin nan, duk mai lasifika a kasuwa ko a rediyo da ke cewa zai raba mutum da ciwon sukari har abada cikin mako biyu, ya jefar da allura, yana wasa ne da rai, kuma ga yaro mai nau'i na 1 kwanaki kaɗan ne tsakanin daina insulin da kabari.

Darasin maƙoƙo

Ciwon sukari shi ne babba a cikin cututtukan sinadaran da jiki ke tatsowa ya zuba a jini don tafiyar da aikinsa, amma yana da 'yan uwa da su ma ake ganowa a makare. Macen da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa a gida, nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke, kasala ta kama ta shekara da shekaru, mai yiwuwa wata 'yar halitta ce a gindin ƙwaƙwalwa ta lalace, kuma ƙwayoyi masu araha na iya mayar mata da ƙarfinta, amma sai a ce iska ce. Budurwar da ke shan deksametazon daga kemis don ta yi ƙiba, ko take shafa man bilicin mai irin wannan sinadari, tana iya jawo wa kanta kumburin fuska da hawan jini da ciwon sukari da kuɗinta. Maƙoƙo kuwa yana ɗauke da darasi mai daɗi. Rashin sinadarin ayodin ne ke kumbura wuyan, yana kuma dakushe ƙwaƙwalwar jariri tun a ciki. Najeriya ta wajabta sa ayodin a gishiri a 1993, maƙoƙo ya ragu ƙwarai, ba tare da an gina sabon asibiti ko ɗaya don shi ba. Bincike ya gano sanadi, hukuma ta sa maganin a cikin abin da ke shiga kowace tukunya.

Ciwon sukari ba zai zo da sauƙin gishiri ba, amma hanyar ɗaya ce: a kai abin da aka tabbatar inda mutane suke, a kuma ci gaba da auna ko yana aiki a kansu. Gwamnonin jihohi da hukumomin lafiya na Najeriya da Nijar su tabbatar kowane ƙaramin asibiti yana da na'urar awo da tsinkenta, da metfomin, da rajistar majiyyata, insulin kuma ya zama kyauta ga kowane yaro mai nau'i na 1. Jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo da Abdou Moumouni su mayar da waɗannan rajistoci tushen bincike. Kai kuma mai karatu, in ka haura shekara 35, ko akwai mai ciwon a gidanku, ko matarka ta taɓa haifar jaririn da ya kai kilo huɗu, ku je a auna ku da safe kafin karin kumallo. Ɗigon jini ɗaya ne, kuma sakamakon yana fitowa kafin ka gama gaisawa da malamin asibiti.